Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya



Saura mako uku mu tashi. In Ubangiji ya yarda, ranar 27 ga Disamba da asuba, mu 14 daga Zumuntar Matasa za mu bar Jos mu nufi jihar Taraba domin mu hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya. Da yawanku kun san da wannan tafiya, domin ku ne kuka riƙa sayen zoɓo da kunun aya a hannunmu bayan sujada, ku ne kuma kuka ba mu motocinku muka wanke ko da ba su yi datti ba. Saboda haka kuna da hakkin sanin inda shiri ya kwana.

Da farko mun yi niyyar rubuta jerin kaya da lissafin kuɗi kawai. Da muka zauna sai muka ga in mun tsaya a nan ba mu faɗi gaskiya duka ba. Akwai abin da ya faru a tsakaninmu cikin watannin nan, kuma wanda abin ya fi shafa ya ba mu izini mu faɗa.

Dutsen da za mu hau

Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, a kan iyakar Najeriya da Kamaru. Tsawonsa mita 2,419 ne in an auna daga bakin teku. An kafa gandun a 1991, shi ne mafi girma cikin gandayen dajin da gwamnatin tarayya ke kula da su, kuma ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. Ofishinsa yana garin Serti. Ba a shiga sai da izini, ba a kuma hawa sai da rakiyar jami'an gandun. Hanyarmu za ta bi ta Jalingo, da Bali, da Serti, sannan mu hau tsaunin Mambilla zuwa Nguroje. Daga nan sai babura zuwa ƙauyen da hanya ta ƙare, sauran kuma a ƙafa. Mun zaɓi ƙarshen Disamba ne domin rani ya shiga, rafuka sun ja baya, hanya kuma ba ta da santsi.

Mu mutanen Jos mun shiga wannan shiri da ɗan girman kai. Garinmu yana kan tudu na wajen mita 1,200, mun saba da sanyi, duwatsu kuwa a bayan gidajenmu suke. Muka ce wane dutse ne zai ba mu tsoro? 'Yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya, wadda duk muke kira Anti, ita ta fara rage mana wannan kumburi. Ta ce kan Chappal Waddi ya ninka tsawon Jos sau biyu. Ta bayyana mana cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6, ban da iskar hunturu da ke kaɗawa a fili inda babu bango babu itace. Iskar kanta tana yin sauƙi. A irin wannan tsawo, abin da numfashi ɗaya ke kai wa huhu na iskar oksijin bai wuce kashi uku cikin huɗu na wanda mutumin Legas ke samu ba. Ciwon hawan tsauni ya fi kama mutane daga mita 2,500 zuwa sama, amma wasu sukan fara jin alamarsa ƙasa da haka: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci, ƙin abinci. Ba ya duba ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa. Maganinsa na farko shi ne a daina hawa, in bai lafa ba a sauko.

Wanda ya kawo shawarar

Shawarar tafiyar nan ba ta shugaban matasa ba ce, ba ta fasto ba ce. Ta ɗan'uwanmu mai kiɗa ganga ce, wanda kuke gani kowace Lahadi a kusurwar mawaƙa. A watan Fabrairu ya zo taro da taswira da ya zana da hannunsa a bayan tsohuwar kalanda. Ya ce mun yi shekaru muna zuwa taron matasa a ɗakin taro iri ɗaya, muna cin shinkafa iri ɗaya, bari mu yi abin da za mu ba jikokinmu labari. Muka yi masa dariya. Kafin wata ya ƙare mutum 23 sun rubuta suna.

Shi ya tsara adashin da muka fara a watan Maris, domin kada nauyin kuɗi ya faɗo wa kowa a lokaci ɗaya. Shi ya rubuta wa ofishin gandun daji, ya yi ta kira har aka ba shi amsa. Shi ya kai mu kasuwar Katako muka tona gwanjo muna neman takalma masu kaurin tafi da rigunan sanyi na ulu, yana ta maimaita cewa kowa ya fara sa takalminsa tun yanzu, domin sabon takalmi a kan dutse bororo yake haifarwa. Shi ya gano cewa rigar auduga in ta sha gumi ba ta bushewa da wuri, sai ta manne a jiki ta jawo sanyi. Shi ya aro sikelin mai sayar da dankali ya auna jakar kowa, ya ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Wata 'yar'uwa ta fitar da takalma biyu da madubi tana gunaguni.

Har batun abinci shi ya warware. Mun so mu ɗauki wake, sai ya ce a can sama ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 92, ba 100 ba, don haka wake zai cinye mana itace da lokaci kafin ya nuna. Muka koma kan garin rogo, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, kilishi, dakuwa, taliya mai saurin dahuwa, da ganyen shayi. Kowa zai sha lita 3 zuwa 4 na ruwa a yini, kuma duk ruwan rafi sai an tafasa. Ya sa kowa ya haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Duk mun san yana da sikila. Mun sani kamar yadda ake sanin abin da ba a magana a kai. Wani lokaci yakan ɓace mako guda, mu je asibiti da lemo da ayaba, mu yi addu'a, ya dawo kan gangarsa. Ba wanda ya haɗa wannan da dutsen. Ko kuwa mun haɗa a zuci, kowa ya bar wa ɗan'uwansa ya faɗa.

Abin da Shere ta koya mana

A watan Oktoba muka je gwaji a duwatsun Shere, a gabashin Jos, inda ƙololuwa ta ɗan haura mita 1,800. Mun ɗauki jakunkuna cike kamar ranar tafiya. A nan ne asirinmu ya tonu.

Ba a yi awa ɗaya ba samari biyar masu buga ƙwallo suka yi gaba, suna tsere a kan wa zai fara kaiwa. Na tsakiya suka rabu biyu a wata mararraba, kowane ɓangare yana zaton shi ke kan hanya. Ƙanwarmu ɗaya, wadda ta aro takalmin yayarta, ta sami bororo a diddige biyu, ta ji kunyar faɗa, ta yi ta ɗingishi har ya fashe. Waɗanda suka kai sama tun kafin azahar sun shanye ruwansu suna ɗaukar hoto. Muka yi ta kiran juna a waya, wani wuri akwai sabis wani wuri babu. Ba mu haɗu duka ba sai da rana ta yi ja, muka sauko cikin duhu da fitilar waya, ba mai yi wa wani magana.

Mutum ɗaya ne ya tsaya da ƙanwar nan tun daga farko har ƙarshe: mai ganga. Ya wanke mata ƙafa, ya manna filasta, ya raba ruwansa da ita, yana tafiya taku kaɗan-kaɗan yana tsayawa kowane rabin awa. Da muka tambaye shi daga baya inda ya koyi wannan, sai ya ce, "Tun ina yaro nake lissafin ruwa da sanyi da gajiya. Ku ne yau kuka fara."

A taron da ya biyo baya Baba dattijo mai kula da matasa ya buɗe mana Farawa sura 33, inda Isuwa ya nemi su tafi tare da Yakubu. Yakubu ya ƙi saurin, domin yana da yara ƙanana da dabbobi masu shayarwa, ya san in an kora su da ƙarfi yini ɗaya za su mutu. Ya zaɓi ya bi a hankali daidai da ƙafar yaran da ta garken. Baba ya ce ayari ba ya isa sai na ƙarshe ya isa. Samarin nan biyar suka sunkuyar da kai. Mu da muke tsakiya ma ba mu da bakin magana, domin mun ga ƙanwar tana ɗingishi, muka wuce.

Inda muka yi kuskure

Bayan Shere, Anti ta ce ba wanda zai shiga mota sai ya cika takardar lafiya: hawan jini, asma, ciwon zuciya, juna biyu, da nau'in jini, ko AA ne, ko AS, ko SS. Ikkilisiya ta saba neman wannan gwaji kafin aure, amma ba wanda ya taɓa neman sa kafin tafiya. Mutum biyu masu AS ta tura su ga likita domin a ba su shawara, domin ko su ma, in tsawo da gajiya da ƙishirwa suka haɗu, wani lokaci saifa takan ba da matsala. Takardar mai ganga kuwa ta riƙe ta a hannu, ta kira mu shugabanni gefe.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ga mai SS, abubuwan da ke sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi su ne ƙarancin oksijin, ƙishirwa, sanyi, da aiki mai tsanani. Ta ce duk huɗun suna jiransa a kan dutsen nan a lokaci ɗaya. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne nisa. In ciwon ya tashi a Jos, cikin rabin awa yana gadon asibiti. In ya tashi a can, sai an ɗauke shi a kafaɗa a sauko, a hau babur, a nemi mota, kafin a kai inda za a sami iskar oksijin da ƙarin jini. Ta ce, "Ni ba zan iya sa hannu a kan wannan ba."

Abin da ya kamata shi ne mu tashi daga wurin mu tafi gidansa. Ba mu yi ba. Muka buɗe wani zaure na daban a WhatsApp, ba tare da shi ba, muka shafe kusan mako biyu muna muhawara a kan rayuwar mutum alhali shi bai sani ba.

Muhawarar ta yi zafi. Wasu suka ce hana shi rashin bangaskiya ne: Allah da ya kiyaye shi shekara da shekaru ba zai kasa kiyaye shi kwana biyar ba, mu yi azumi mu tafi. Wasu suka tuna mana Matiyu sura 4, inda Shaiɗan ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya yi tsalle tun da mala'iku za su tare shi, har ya kafa hujja da Nassi. Ubangijinmu ya ƙi, domin dogara ga Allah daban, gwada Allah daban. Wasu suka ce a soke tafiyar gaba ɗaya a ce kuɗi ne bai isa ba. Wato mu yi ƙarya domin mu kauce wa magana mai wuya. Muna jin kunyar rubuta cewa wannan shawara ta sami magoya baya.

Ranar wata Alhamis, ɗayanmu ya rubuta, "To wa zai faɗa masa?" Ya aika a babban zauren da kowa yake ciki. Kafin ya goge, mai ganga ya karanta.

Waɗanda suka lura ganga ta yi shiru Lahadi biyu a watan Nuwamba, ga dalilin.

A gidansu

Baba ne ya tara mu ya ce, "Ku kuka ɓata, ku za ku gyara. Zan raka ku, amma ba zan yi magana a madadinku ba." Muka je mu shida da yamma. Mamarsa ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta koma bakin ƙofa ta zauna. Ya fito ya gaida Baba da ladabi, mu kuwa ya ɗaga mana kai kawai.

Shugaban matasa ya fara da bayanin oksijin. Bai yi nisa ba mai ganga ya tsayar da shi.

"Ɗan'uwa, kana zaton ban san wannan ba? Ni na fi ku karanta shi. Ba dutsen ne ya ɓata mini rai ba. Tun ina firamare ake yanke mini hukunci a bayan idona. A cire sunana daga ƙwallo, ba wanda zai faɗa mini, sai dai in ga babu. A shirya tafiya, a ce mota ta cika. Na ɗauka a Zumunta ne kaɗai ake kallon idona a faɗa mini gaskiya."

Ba mu da amsa. Anti ce ta fara durƙusawa ta ce, "Ƙanena, ka yafe mini. Takardarka a hannuna take, kai ya kamata in fara kira." Muka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya. Ba mu ce niyyarmu mai kyau ce ba, domin mun gane cewa tsoron ɓacin ransa da muke ta faɗa, rabinsa tsoron namu rashin jin daɗin ne.

Ya yi shiru mai tsawo. Sai ya waiwaya ya dubi mamarsa, ya ce, "Ni ma akwai abin da na ɓoye muku." Kwana biyu bayan Shere, da ya ce mana zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da shi, ba shi ba ne. Ciwon ne ya tashi a ƙafafu da baya, ya yi kwana huɗu a asibiti. Ya roƙi Mama kada ta faɗa, domin ya san in mun ji, maganar Taraba ta ƙare. Mama ta share ido da gefen zaninta ta ce, "Kullum in na ga jakar nan a ɗakinsa, barci ba ya zuwa."

Baba ya buɗe 1 Sama'ila sura 30. Dawuda ya bi sawun Amalekawa da mutum 600, amma 200 suka gaji ƙwarai, suka kasa haye rafin Besor, suka tsaya wurin kaya. Da aka dawo da ganima, wasu suka ce kada a ba waɗanda suka tsaya komai sai matansu da 'ya'yansu. Dawuda ya ƙi, ya kafa doka a Isra'ila cewa rabon wanda ya tsare kaya daidai yake da na wanda ya je yaƙi.

Mun zaci a nan magana za ta rufe da amin. Sai mai ganga ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Waɗancan gajiya suka yi, gobe sun warke, wani yaƙin da su za a je. Ni nawa ba ya wucewa."

Baba ya rufe Littafin. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Gaskiya ne, ɗana. Ba ni da ayar da za ta sa wannan ya daina zafi." Ya riƙe hannunsa, muka yi addu'a gajeruwa. Kafin mu tashi, muka gaya masa abin da ya kamata mu gaya masa tun farko: ga abin da muke tsoro, ga abin da Anti ta gani, ka je ka ga likitanka, ka dawo mu yi magana da kai a zaune.

Ya je. Likitan da ya san jikinsa shekaru da yawa ya ba shi shawara kada ya hau. Lahadin da ta biyo baya ya dawo kan ganga, bayan sujada kuma ya tsaya gaban Zumunta ya sanar da bakinsa cewa ba zai tafi ba. Wani cikinmu, don son faranta masa rai, ya ce za mu ɗauki hotonsa mu ɗaga a kan ƙololuwa. Ya ce, "Ban mutu ba tukuna. In akwai wuri a jakarka, ƙara sukari da gishiri." Ranar ne muka fara dariya tare bayan makonni.

Abin da muka amince a kai

Yanzu shi ne mai riƙe da jadawalin tafiya daga Jos. Lambobin iyayenmu duka suna hannunsa, da ta ofishin gandun daji, da ta direba. Ya san inda ya kamata mu kwana kowane dare da inda sabis zai yanke. In ranar da muka ce za mu kira ta wuce bai ji mu ba, ya san wanda zai nema. Iyaye, shi za ku kira, ba fasto ba.

Shi ne kuma ya rubuta dokokin tafiya, ya sa kowa ya sa hannu. Hujjarsa ita ce duk shawara mai wuya a yanke ta a nan ƙasa, inda ciki yake a ƙoshe kuma kai yake a sanyaye, domin mutumin da ya ga ƙololuwa a gabansa ba ya jin magana. Ga su:

Na farko, wanda ya fi kowa jinkiri shi zai bi bayan jagora, masu ƙarfi su rufe baya. Ba wanda zai wuce jagora.

Na biyu, ba wanda zai yi nisan da ba a ganinsa. Kowa yana da usur a wuya, busa uku na nufin a tsaya a zo.

Na uku, ciwon kai, jiri, bororo, ko gudawa, a faɗa wa Anti nan take. Ɓoyewa laifi ne ga ƙungiya duka. Ya ce ya san abin da yake faɗa.

Na huɗu, in mutum ɗaya ya zama dole ya sauko, biyu za su raka shi tare da jami'i. Mun riga mun zaɓi su wane ne, kuma biyu daga cikin samarin nan na Shere ne suka ɗaga hannu da kansu, suna sane cewa wannan na iya hana su ganin sama.

Na biyar, ranar hawa ƙololuwa, in ƙarfe 12 na rana ta yi ba mu kai ba, za mu juya, ko da saura jifa ɗaya. Saukowa cikin duhu da gajiya ta fi hawa haɗari, Shere ta nuna mana.

Na shida, maganar jagora da jami'an gandu ita ce ta ƙarshe. Su suka san dajin, mu baƙi ne.

Na bakwai ya shafi masu masaukinmu. Yawancin mutanen da za mu ratsa rugagensu a kan tudun Fulani ne makiyaya, Musulmi. Za mu fara da gaida jauro, mu kai goro da sukari da ganyen shayi. Ba waƙa da ƙarfi a lokacin sallarsu, ba ɗaukar hoton mutum ko shanunsa sai an tambaya. Wanda ya ɗaukar mana kaya za a biya shi yadda aka yi ciniki, ba ragi. Duk leda da gwangwanin da muka hau da su za mu sauko da su. Mun koyi cewa "useko", wato mun gode da Fulatanci, kuma muna sa ran za mu faɗe ta sau da yawa.

Daga 23 mun koma 14. Wasu jarrabawa ta hana su, wasu aiki, wasu kuɗi, ɗaya kuma ta sami albarkar juna biyu. Mun amince cewa duk wanda ya zuba adashi, ko ya dafa zoɓo, ko ya wanke mota, tafiyar nan tasa ce. In mun dawo za mu ba da rahoto gaban ikkilisiya mu duka, waɗanda suka hau da waɗanda suka tsaya, kuma mai ganga ne zai fara magana.

Ba za mu ce komai ya koma yadda yake ba. Ranar Asabar da ta wuce, da muke gwada kafa tanti a filin majami'a, ya zo ya duba igiyoyi, ya gyara mana ƙulli biyu, sai ya ce yana da aiki a gida, ya tafi da wuri. Mun bar shi ya tafi. Da dare ɗayanmu ya bi shi gida, suka zauna suna kallon ƙwallo, ba wanda ya ambaci dutse.

Abin da muke roƙo

Ku sa mu cikin addu'a saboda hanya, musamman hawan Mambilla mai yawan kwana, da direbanmu, da jami'an da za su raka mu. Ku roƙa mana zuciyar da za ta iya juyawa in ƙarfe 12 ta yi, domin mun san kanmu. Ku tuna da iyayenmu da za su yi kwanaki ba su ji muryarmu ba. Ku yi addu'a domin ɗan'uwanmu, da Mama, da dukan 'yan'uwa masu sikila da ke zaune tare da mu a benci ɗaya kowace Lahadi. Hunturu ya shigo, lokaci ne mai wuya a gare su. In kun san ɗaya, kada ku jira sai yana asibiti kafin ku je gaishe shi. In kuma akwai maganar da ta shafi wani a zumuntarku ko a gidanku, wadda kowa ya sani sai shi, ku tashi ku je wurinsa a wannan mako.

Har yanzu muna neman bargo huɗu da tocila biyu. Mai iya ba da aro ya ga ma'ajinmu bayan sujada. Za mu dawo da su a wanke.

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.